Ɗan da Malam Ya Ce Na Tsohuwa Ne

Kudan, Disamba 1962

Zuwa ga mijina mai gudun gida, Gidaɗo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mu dai alhamdu lillahi. Ƙafata ta hagu ce take min gardama da safe, amma bakina lafiyarsa ƙalau, ubanka Malam Inuwa zai ba ka shaida. Mahaifiyarka Uwaliya tana nan lafiya. Ba ta ce in gaishe ka ba, ka dai san ta, amma tun da wasiƙarka ta iso take kai da kawo a ƙofar ɗakina kamar wadda ta yar da allura. An fara matsar rake, gari ya cika da ƙanshin mazarƙwaila, kai kuwa kana can kana shaƙar gishiri.

Da kaina na karanta wasiƙar, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Don Allah ka daina yi min rubutu ƙanana kamar kashin ƙuda, idon kakarka ba na budurwa ba ne.

Ga abin da na gane, in na yi kuskure ka gyara. Takardar da Turawa suka ba ka lokacin da ka kama aikin jirgin ruwa a Ikko ta mutu tun da muka samu mulkin kai. Ƙasashe kuma sun taru a wani gari wai shi Janeba sun yi yarjejeniya cewa kowane ma'aikacin jirgi ƙasarsa ta ba shi kati mai hotonsa da sunansa da garin da aka haife shi da dangwalen yatsansa. Mai katin nan, in jirgi ya tsaya a bar shi ya sauka ya taka ƙasa, in kuma ya tashi komawa gida, ƙasar da ta ba shi ba ta da ikon rufe masa ƙofa. Wanda ba shi da shi sai leƙe daga saman jirgi kamar kaza a akurki. To yanzu kai ne kazar. Jirgin da kake ciki ba ya biyowa ta Ikko, ba ka da hanyar zuwa gida sai da katin. Haka ne?

Ka ce ofishin ƙasarmu da ke can za su aiko a tambayi ubanka ko kai ɗansa ne, kafin su ba ka. Wannan ne ya hana ka sukuni? Na sani ka bar masa makaranta ka tafi ba sallama, alhali kai yake so ka gaje shi. Ya yi fushi, har ni na sha nawa kason. Amma fushin ya daɗe da hucewa. Buzun da kake zama a kai yana nan rataye a zaure, ɗalibin da ya taɓa shi ranar sai ya ji a jikinsa. Su aiko, mu amsa, ka zo.

Abu ɗaya nake roƙonka. Na gaya wa Adama maƙwabciyata cewa kai kake tuƙa jirgin, Bature biyu suna yi maka fifita. Ta tambaye ni ko kana ganin 'yan ruwa, na ce har guda ta nemi ka aure ta ka ce kana da mata a Kudan. In ka dawo kada ka buɗe baki ka ce gawayi kake zubawa a ɗakin inji. Ka rufa min asiri.

Matarka da ka bari da tsufa,
Lantana

*

Tashar Libaful, Afrilu 1963

Zuwa ga Inna Lantana,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni lafiya, sai tari da sanyin nan ya sa min. Ki gaida mutanen gida.

Inna, yau ba ni da bakin wasa. Amsa ta zo. Wakilin kamfaninmu ne ya kawo ta cikin jirgi ya karanta min a gaban kyaftin. Sun ce an tura akawu har Kudan, ya sami Malam Inuwa a zaurensa, ya miƙa masa hotona. Malam bai ko dubi hoton ba, ya ce shi bai san wani ɗa ba. Saboda haka ba su da shaidar cewa ni ɗan Najeriya ne, ba za su iya ba ni katin ba.

Kin ce fushinsa ya huce. Wataƙila a gabanki ne ya huce.

Na san na yi laifi. Ban taɓa cewa ban yi ba. Amma ban nemi gona ba, ban nemi makaranta ba, kalma ɗaya na nema. Kin san yadda nake zaune? In jirgi ya tsaya abokan aikina su yi wanka su sa kaya su sauka, ni a bar ni da mai gadi. Ina tsaye ina kallon karnukan tasha suna yawo inda suka ga dama. A Iskandariya ranar Juma'a na ji kiran salla daga masallatai ta ko'ina, ga gari ga ni, ɗan sanda ya ce ba takarda ba sauka. Na koma bayan tukunyar inji na yi azahar ni kaɗai.

Kada ki roƙe shi. Tun da ya faɗa a gaban hukuma, ya gama magana. Zan nemi wata hanyar.

Jikanki,
Muhammadu Auwalu

*

Furana, Mayu 1963

Zuwa ga Gidaɗo, babban wawan gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi babbar salla lafiya. Tarin nan ka nemi citta da kanumfari in akwai su a ƙasar, in babu ka rufe ƙirjinka. Ni ƙalau nake, sai dai raina a ɓace yake da ku duka biyu, kai da ubanka.

Ka bar gida har ka manta ko kai wane ne? Kai ɗan fari ne. Tun kana cikin zane ka taɓa jin Malam ya kira sunanka? "Kai yaro" ne, ko "wancan", ko ya yi gyaran murya ka waiwayo. Uwarka ma haka. Kunyar ɗan fari ce, kuma ubanka ya fi kowa a garin nan riƙe ta.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don na bi diddigi. Ranar ba na nan, na tafi suna Nasarawan Doya. Akawun ya zo da hantsi, baƙo ne, ba a ƙasar nan ya tashi ba, Hausarsa ta sayen tumatir ce. Ya tarar da zaure cike, ana tsakiyar karatu. Kuma ka san wa ke zaune a hannun daman Malam? Kawunka Tukur na Furana, yayan uwarka. Surukinsa! Akawu ya zaro hoto ya ce, "Malam, wannan ɗanka ne?" Ubanka ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar kaza, ya ce, "Ni ban san wani ɗa ba. Na tsohuwa ne." Zaure ya ɗauki dariya. Tukur ya ce, "Ka ji Malam da kunya!" Kowa a wurin ya gane cewa amsar ita ce e. Akawu shi kaɗai bai gane ba. Ya rubuta rabin farko, ya hau kekensa.

Da na dawo, labarin dariya aka ba ni. Ni ma na yi dariyar. Babu wanda ya san an rufe maka ƙasa da ita sai da wasiƙarka ta zo.

Washegari na ɗaura ɗankwali na hau motar rake zuwa Makarfi, na nemo akawun a ofis. Ya ce, "Mama, mene ne tsakaninki da mai hoton?" Bakin nan nawa da ba ya jin magana ya ce, "Mijina ne." Bawan Allah ya fara rubutawa! Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hoton, ya ajiye alƙalami ya riƙe kai. Sai da wani masinja ya yi masa bayanin wasan kaka da jika. Yaron kirki ne, da ya gane abin da ya faru a zaure har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya ce shaidata ba za ta goge ta uba ba. Bakin da ya musa, shi zai zo ya gyara.

Na koma na tsare ubanka. Shi ba na fari ba ne a wurina, na uku ne, ina kiran sunansa yadda na ga dama. Na ce, "Inuwa, ka san abin da ka yi?" Ya ce, "Inna, ai kowa ya san abin da nake nufi." Na ce, "Takarda ba ta sani ba." Ya ce, "Yanzu in tafi gaban jama'a in buɗe baki in ce... Haba Inna. A tura Tukur." Na ce Tukur ne ya haife shi? Ya ɗauki carbi.

Shi ne na ƙulle kayana na taho Furana, gidan surukansa. Ka duba kan wasiƙar nan ka gani. Duk Kudan yanzu ana cewa uwar Malam ta yi yaji ta tafi gidan su matarsa. Mu ga wace kunyar ce za ta fi nauyi.

Gidaɗo, wannan "wata hanyar" da ka ambata ba na son jin ta. Kada ka sa hannu a komai. Ka jira ni.

Matarka mai yaji,
Lantana

*

Kudan, Agusta 1963

Zuwa ga Gidaɗo,

Gaisuwa mai yawa. Damina ta yi kyau, dawa ta fi ni tsawo, wanda ba abin mamaki ba ne. Muna lafiya. Kai ne ba mu sani ba, don ba ka amsa min ba. Duk ranar kasuwa sai na aika a duba min wurin mai kawo wasiƙu daga Zariya, ya ce babu. Ko fushin ya haɗa da ni ne?

To ka buɗe kunne. Ubanka ya je.

Ya yi ta aiko min da mutane Furana ina korar su, har liman. Ranar da ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakin da aka sauke ni, na ce masa hanyar Kudan ta Makarfi ta bi. Ya ce to.

Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya naɗa rawani. Muka shiga ofis, ga mutane a kan benci, masu ƙarar gona da masu neman lasin keke, rabinsu sun yi karatu a gabansa. Akawu ya tashi ya ba shi kujera. Ya ce, "Malam, sunan mai hoton nan nake so daga bakinka." Ubanka ya dubi rufi. Ya dubi ƙofa. Ya ce, "Sunan Ma'aiki gare shi." Akawu ya ce, "A cika, Malam." Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin rawani, ga shi ana yayyafi a waje. Na matsa kusa na ce a hankali, "Inuwa, yaron nan ya ji kiran sallar Juma'a an hana shi sauka." Ban taɓa gaya masa wannan ba sai ranar.

Sai na ji ya ce, "Muhammadu Auwalu." Murya kamar ba tasa ba. Ya sake cewa da ƙarfi, "Muhammadu Auwalu. Ɗana ne, shi ne na fari. A Furana aka haife shi, ɗakin kakarsa ta wajen uwa, ni na yi masa huɗuba." Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Wani tsoho a benci ya ce, "Allah ya yi masa albarka," sauran suka ce amin.

Ya sa hannu da Larabci. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi hoton. Ka san ra'ayinsa a kan hoto, amma ya daɗe yana kallo har akawu ya fara gyara takardu don kunya. Da zai mayar ya ce, "Ya rame." Shi ke nan abin da ya faɗa har muka iso gida.

Da na ba uwarka labari ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Tuwon ranar gishirinsa ya yi yawa.

Akawu ya ce takarda za ta bi ta Kaduna da Ikko ta isa ofishin ƙasarmu na Libaful inda ka nema, kai dai ka je ka dangwala yatsa ka karɓi katinka. Na riga na gaya wa Adama kana tafe lokacin girbi. Ka zo min da turare, kada ka zo min da 'yar ruwa.

Taka,
Lantana

*

Tashar Singafo, Janairu 1964

Zuwa ga Inna Lantana,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam, ina gaida Inna Uwaliya. Lafiyata ƙalau, tarin ya tafi.

Wasiƙunki biyu a tare suka same ni jiya. Sun kwanta a ofishin tsohon kamfaninmu a Libaful, sannan suka yi ta bin bayana daga tasha zuwa tasha. Da ta farko ta same ni a kan lokaci, da yanzu ina Kudan.

Inna, ban jira ba. A cikin yarjejeniyar nan akwai inda aka ce ƙasa tana iya ba baƙo kati in yana aiki a jirginta. Wani kyaftin mai neman mutanen inji ya ce zai nema min na ƙasarsu in na sa hannu a kan shekara biyu. Na sa. Jirgin tsakanin Asiya da Ostireliya yake yawo, ba ya ko leƙa Afirka. Katin yana aiki, na taka ƙasa, na yi Juma'a. Amma ƙofar da yake buɗe min in aiki ya ƙare ta ƙasarsu ce, ba tamu ba. Nawa na gaskiya yana can Libaful yana jira, ni ina wannan gefen duniya.

Akwai wanda ya fi wannan. Da suka tambayi cikakken sunana, na ce Auwalu Kudan. Na cire sunan Malam da bakina, ina jin zafi a lokacin. Shi kunya ta hana shi faɗin nawa, ni fushi ya hana ni faɗin nasa.

Wurin da kika rubuta abin da ya faɗa a ofis na karanta har takardar ta yi baƙi da man inji. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ta ƙoƙarin in ji yadda zai fito da muryarsa, na kasa.

Ki roƙa min gafararsa. Ki ce da wa'adin nan ya cika zan karɓi katina in zo in durƙusa a zaure. In ya ga dama ya ce min "kai yaro", ya ishe ni.

Mijinki marar jin magana,
Muhammadu Auwalu Inuwa

*

Kudan, Afrilu 1964

Zuwa ga jikana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma ta same ka da wuri, ba kamar 'yan'uwanta ba. Ni da uwarka muna nan da rai. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam rasuwa bayan ƙaramar salla. Ciwon ƙirji ne, ya fara masa cikin azumi, ya ƙi ajiye azumin, ka san shi. An kai shi asibiti Zariya, ya ce a mai da shi gida. An yi jana'iza da jama'ar da Kudan ba ta ɗauke su ba, daga Ikara, daga Makarfi, har daga Kano. Ɗa ne ya kamata ya binne uwa, ga shi ni nake karɓar gaisuwar nawa.

Wasiƙarka ta riske shi da rai, wannan ka riƙe. Yana kwance a ɗakinsa. Na san in na shiga na ce ga saƙon wane, zai juya fuska bango. Sai na ɗauki kujerata na zauna a bakin tagarsa, na ce da ƙarfi, "Kai, idon nan nawa! Sai na karanta a fili nake ganewa." Na karanta wa kajin gidan tun daga gaisuwa har sa hannu. Wurin da ka cire sunansa na so in tsallake, sai na ga ba ni da wannan ikon. Da na zo inda ka rubuta sunanka da nasa a ƙarshe, na maimaita.

Can ya yi tari ya ce, "Inna." Na leƙa. Ya ce, "Shekara biyu ya ce?" Na ce e. Ya daɗe yana kallon azara. Sannan ya ce, "Ki gaya wa wancan ba komai. Ni na fara." Na ce, "Wane wancan?" Ina so in ƙara jawo sunan daga bakinsa, ko don in sami abin rubuta maka. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kin ji shi a Makarfi, Inna. Ya isa."

Ban sake matsa masa ba. Saƙonka ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, ko da yake ka san ƙari sana'ata ce.

Tun ranar nake lissafin abin da ba ya lissaftuwa. Da ban je suna ba. Da akawun ya zo ranar da Tukur ba ya nan. Da kai ka yi haƙuri har damina. Liman ya ce in daina, haka Allah ya rubuta, kuma gaskiyarsa. Amma tsohuwa ba ta da aikin yi sai tunani.

Na sa akawu ya rubuta can Libaful kada su mayar da katinka, mai shi yana zuwa. Ya ce a jikinsa an rubuta Muhammadu Auwalu Inuwa, haifaffen Furana. Ka gama wa'adinka, kada ka gudu ka ƙara jawo wa kanka wata rigimar. Ranar da ka gama, kada ka tsaya sayen turare.

Uwarka tana takaba. Jiya ina wannan rubutun ta zo ta tsaya a kaina, ta daɗe, sannan ta ce, "Inna, ki ce masa..." Sai ta kasa. Na ce, "In ce wa wa?" Ta ce, "Kin sani." Na ce na sani, kuma na gaji da sani a gidan nan.

Saboda haka ni zan faɗa a madadinta, tunda ni ba a haife ni da kunya ba. Auwalu, ka dawo gida. Mu biyu muka rage masu jiranka, kuma ɗaya ta tsufa ƙwarai.

Kakarka,
Lantana